Mene ne furobayotik?

Da an ambaci bakteriya, cuta ce ke fara faɗo wa mutum a rai. Alhali hanjin kowane lafiyayye cike yake da su, tiriliyoyi, kuma yawancinsu hidima suke yi masa. A nan kalmar furobayotik ta samo gindin zama. Asalin ma'anarta "domin rayuwa", kishiyar antibayotik ke nan. A 2001 ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsayar da ma'anarta: ƙananan halittu masu rai waɗanda, in an sha adadin da ya isa, suke amfanar lafiyar jiki. Sai suna raye, sai sun isa, sai kuma amfanin ya tabbata. Ba kowane abu mai tsami ne ya cika waɗannan sharuɗɗa ba, kome aka rubuta a jikin kwalinsa.

Tunanin ya daɗe. Tun 1907 masanin kimiyya Elie Metchnikoff na Cibiyar Pasteur da ke Faransa ya alaƙanta tsawon ran manoman Bulgeriya da madara mai tsami da suke yawan sha.

Aikin nasu ya fi kama da rububin wurin zama. Bangon hanji fili ne mai iyaka, abincin cikinsa ma haka. Idan bakteriya masu amfani irin su Lactobacillus da Bifidobacterium suka riga tarewa, ƙwayar cuta ba ta samun masauki cikin sauƙi. Suna kuma fitar da sinadarin tsami wanda ke sa wurin ya ƙi wa masu cutarwa daɗi, wasunsu har da sinadaran da ke kashe abokan takara. Shi ya sa aka fi ganin amfaninsu wajen rage gudawar da ke biyo bayan shan antibayotik, domin maganin ba ya tantance na kirki da na banza, duk sharewa yake yi. Sai dai baƙo raɓa ne: yawancinsu ba sa zama dindindin, in an daina sha sukan ɓace cikin kwanaki ko makonni. Kuma kowane iri da aikinsa, wanda ya yi wa gudawa ba lallai ya yi wa kumburin ciki ba. Mai raunin garkuwar jiki da bakwaini kuwa, ba a ba su sai da izinin likita.

A wajen dabbobi abin ya fi fitowa fili. Ɗan tsakon da inji ya ƙyanƙyashe bai taɓa tsattsagar kashin uwarsa ba, hanjinsa fanko ne, ƙwayar cutar Salmonella na shiga ta baje kolinta. A 1973 Nurmi da Rantala a Finland suka ba irin waɗannan 'yan tsaki bakteriyar hanjin manyan kaji, sai cutar ta kasa kama su yadda ta saba. Shanu kuma yisti ake zuba musu a abinci, ya rage iskar oksijin a tumbi, bakteriyar da ke narka ciyawa ta samu sakewa. Kasuwar furobayotik ta ƙara buɗewa bayan Tarayyar Turai ta hana amfani da antibayotik don ƙara wa dabbobi girma a 2006. Matsalar masu haɗa abincin kaji ita ce zafin injin dunƙula abinci yana kashe yawancin bakteriya, don haka suka fi karkata ga bakteriyar Bacillus, wadda ke lulluɓe kanta da ɓawo mai tauri har ta isa hanji.