Waiwaye: Mita 80 ɗin Petra Felke da babu mai iya taɓawa

Tun da aka ci zinaren jifan mashi na mata a Olamfik ta Paris 2024 da mita 65.80, wadda 'yar Japan Haruka Kitaguchi ta jefa, muhawarar ta sake tashi, wasu na cewa 'yan matan yanzu ba su da ƙarfi, wasu kuma su ce ai lambobin shekarun 1980 duk a share su saboda zargin ƙwayoyin ƙara kuzari da ya dabaibaye wancan zamani. Duk inda aka zagaya dai sunan da ake dawowa kansa shi ne Petra Felke.

'Yar Jamus ta Gabas ce, an haife ta a Saalfeld a 1959, ta yi horo a Jena, garin da Ruth Fuchs mai zinaren Olamfik na 1972 da 1976 ita ma ta yi horo. Ba ta je Olamfik ta Los Angeles a 1984 ba saboda ƙasarta ta ƙaurace. A 1985 ta karya tarihin duniya sau biyu a rana ɗaya a Schwerin, sai Fatima Whitbread ta Ingila ta ƙwace a 1986 da 77.44, Felke ta karɓe abinta a Leipzig da 78.90, sannan ranar 9 ga Satumba 1988 a Potsdam ta jefa mita 80.00 cif. Makonni kaɗan bayan haka ta ci zinare a Olamfik ta Seoul.

Abin da mutane ke tsallakewa shi ne canjin mashi da aka yi a 1999. Mashin da Felke ta jefa ba shi ake jefawa yanzu ba. Nauyi dai ɗaya ne, giram 600, amma tsohon mashin yana yin lilo a iska ya yi ta tafiya, ya zo ya faɗi a kwance, to ka ga dokar ta ce dole tsinin ne zai fara taɓa ƙasa, sai alƙali ya tsaya da tuta biyu a hannu yana tunanin fara zai ɗaga ko ja, 'yar wasa na rantsuwa tsini ne ya fara taɓawa, kocinta na ihu daga gefe, kuma ko an yarda jifan ya yi wani lokacin babu rami a ciyawa da za a auna daga shi. Don haka aka matsar da tsakiyar nauyin mashin gaba da santimita 3. Sabon mashin tsininsa ke riga zuwa ƙasa, ya soke ya tsaya, rigimar tuta ta ragu, nisa ma ya ragu. Na maza an riga an yi musu haka tun 1986 bayan Uwe Hohn ya jefa 104.80, amma su kowa ya tuna da nasu.

Daga nan aka buɗe sabon littafin tarihi, aka ajiye lambar Felke gefe. Tarihin duniya na yanzu 72.28 ne, na Barbora Špotáková 'yar Czech tun 2008, ita kuma Christina Obergföll ta Jamus ta kai 70.20 a 2007, wanda da sabon mashi ba ƙaramin abu ba ne. Ni dai a ganina rabin shaharar Felke daga wannan canjin ta zo, don ko da wata ta fi ta ƙarfi yau ba za a ba ta irin mashin ba balle ta gwada.