Kwanakin jira kafin a yanka kajin gona

Kajin gona da ake kawowa kasuwannin Yamai, su Katako da Wadata, yawanci sati shida ko bakwai suke yi a duniya. A ɗan wannan lokaci da wuya mai kiwo bai zuba musu maganin zawo ko na mura a ruwa ba. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne yanka kaza maganin bai gama fita daga jikinta ba.

Tun 2006 ƙasashe takwas na UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, har da Nijar, suke bin doka ɗaya: ba a sayar da maganin dabbobi sai da izinin ƙungiyar, kuma dole a rubuta a jikinsa kwanakin da za a jira kafin a ci naman. Da Faransanci za ka gan shi, "temps d'attente". Daga ranar da aka daina ba da maganin ake fara ƙirga, kuma kowane magani da nasa kwanakin. Wasu ma ba su da kwanakin jira ko kaɗan. Hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci, wadda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na abinci (FAO) da na lafiya (OMS) suka kafa a 1963, ta ce kada a bai wa dabbar da za a ci maganin chloramphenicol ko furazolidone. Na farkon yana iya lalata ɓargon mutum ya daina yin jini.

Yanzu ana ta tallan ƙarin sinadaran da ake gaurayawa a abincin kaji, wai suna wanke guba. Akwai gaskiya a ciki. Masara da tunkuzar gyaɗa da suka yi fumfuna suna ɗauke da aflatoxin, gubar da ke jawo cutar dajin hanta, kuma yumɓun bentonite yana kama ta a hanjin kaza kafin ta shiga jini. Ni ina goyon bayan a riƙa sa shi, musamman da damina. Amma maganin da ya riga ya shiga hanta da tsoka, yumɓu ba ya fitar da shi, gashi da suya ma ba sa kawar da shi duka. Doka ba ta rage ko kwana ɗaya saboda an ƙara wani abu a dusa.

Matsin ya fi yawa gab da salla, lokacin da dillalai ke tsaye a bakin gona da kuɗi a hannu. Mai kiwo ya rubuta ranar ƙarshe ta magani a littafi, mai gasa kaji kuma ya nemi a nuna masa kafin ya biya.