Kafin ku kai yara wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara

Kwanakin baya wani magidanci ya shigo ɗakin da muke ba matafiya shawara, tare da matarsa da yara uku, ƙaramarsu ba ta wuce shekara huɗu ba. Sun yanki tikiti, sun kama masauki a kan dutse, za su je wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara karo na farko a rayuwarsu. Tambayarsa ɗaya ce: "Malama, wane maganin mura za mu riƙe?" Na ce masa, "Yallaɓai, kafin mu zo kan mura, garin da za ku kwana, mita nawa ne tsayinsa daga teku?" Ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi. Sun san sunan otal, sun san launin rigar da aka saya wa kowane yaro, amma tsayin wurin bai taɓa zuwa musu a rai ba.

Ban ga laifinsu ba, domin kusan kowa haka yake zuwa. Hutu ne mai daɗi, ina kuma son iyalai su je su more shi. Abin da ke damuna shi ne yawancin wahalar da sababbin zuwa ke sha, a kwana biyun farko take faɗo musu, kuma gaggawa ce ke jawo ta. An kashe kuɗi, kwanakin hutu ƙidayayyu ne, kowa na so ya ga ya hau ƙololuwa tun ranar da ya sauka. Jiki kuwa ba ya karɓar wannan sauri.

Mu fara da tsayin. Duk sa'ad da mutum ya ƙara hawa, iska na ƙara sirancewa. A mita 3,000, iskar oksijin da ke shiga ƙirji a kowane numfashi ba ta wuce kusan kashi 70 cikin ɗari na wadda ake samu a bakin teku ba. Ciwon tsauni yakan fara bayyana daga wajen mita 2,500, wasu ma ƙasa da haka, kuma ba ya duba ƙarfin mutum. Matashi mai gudu kullum da safe zai iya kwantawa, kakarsa tana zaune lafiya ƙalau. Alamunsa kan zo bayan wasu awoyi da isa wurin, galibi a daren farko: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin sha'awar abinci, barci ya ƙi zuwa. Tsayin inda ake kwana shi ne babban abin dubawa. Garin Chamonix na Faransa yana wajen mita 1,035 ne, Val Thorens mita 2,300, shi kuwa Breckenridge na jihar Kolorado a Amurka ya haura mita 2,900. Duk wuraren zamiya ne, amma kwana a cikinsu ba ɗaya ba ne ga jiki. Shi ya sa masu zuwa Kolorado da yawa kan yada zango dare ɗaya a Denver, mai tsayin kusan mita 1,600, kafin su ƙarasa sama. Ga iyali sababbin zuwa, shawarata a nemi masauki ƙasa da mita 2,000. Filin koyo ba ya bukatar tsayi.

Babba zai ce kansa na ciwo. Yaro ƙarami ba zai faɗa ba. Sai dai a ga yana ta rigima, ya ƙi abinci, ya daina wasa, yana maƙale a jikin uwarsa, ko ya yi amai. Iyaye kan ce gajiyar tafiya ce, wani lokaci kuma ita ce ɗin, amma a kan dutse a ɗauka ciwon tsauni ne har sai an tabbatar da akasin haka. Idan alamun masu sauƙi ne, a huta, a sha ruwa, a ba da farasitamol daidai nauyin mai shansa, kada a ƙara hawa ko kaɗan. A guji ƙwayar barci da giya, domin dukansu suna rage numfashi cikin dare. Idan kuwa mutum yana haki alhali yana zaune, ko yana tari mai kumfa, ko yana tangaɗi a tafiya, ko maganarsa ta fara ruɗewa, to ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Wannan ba a jiran gari ya waye. A sauko da shi ƙasa, a kai shi asibiti a daren.

A nan zan ɗan dakata, saboda akwai abin da nakan tambayi kowane iyali, da yawa kuma su yi mamakin tambayar: kun san rukunin jininku, AA ne ko AS ko SS? Mai ciwon sikila, wato SS, ƙarancin oksijin da sanyi da ƙishirwa duk abubuwa ne da ke tayar masa da ciwo, ga su kuma sun haɗu wuri guda a kan dutse. Bai kamata ya yi wannan tafiya ba sai likitansa ya amince, ya kuma tsara masa yadda za ta kasance. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, har yakan manta da zancen, amma an san cewa a wuri mai tsayi jini na iya toshewa a saifarsa, musamman idan ya hau da sauri ya kuma wahalar da jiki. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a ɓangaren hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har ya harba zuwa kafaɗa. Duk wanda ya ji haka ya je asibiti, ya kuma buɗe baki ya gaya wa likita cewa shi AS ne, don likitan garin dutse ba lallai wannan ya fara zo masa a rai ba. Mai juna biyu, mai asma, mai ciwon zuciya ko hawan jini, su ma su ga likita tun kafin a biya kuɗin masauki.

Sai sanyi. Zafin iska na raguwa da wajen digiri 6 a kowane mita 1,000 da aka hau, ga iska mai kaɗawa a kan kujerun da ke ɗaukar mutane zuwa sama, inda za a zauna minti goma ba motsi. Kuskuren da aka fi yi shi ne jibga wa yaro riga ɗaya mai kauri a kan rigar auduga. Auduga na shan gumi ta riƙe shi, da zarar an tsaya sai ta koma sanyi ƙarara a jikin fata. Abin da ya dace hawa uku ne: ta ciki ta ulu ko yadin roba mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Safa ƙafa ɗaya tak a cikin takalmin zamiya. Uwa kan ninka biyu ko uku don ƙauna, sai takalmin ya matse, jini ya daina zagawa, yatsun su fi yin sanyi. A riƙe wa kowane yaro safar hannu ta biyu a jaka, saboda ta farko ba ta kai azahar ba ta jiƙe.

Na taɓa riƙe hannun wani yaro da aka kawo bayan ya wuni yana dunƙula ƙanƙara da jiƙaƙƙiyar safa. Kan yatsunsa biyu sun yi toka-toka, sun yi tauri kamar kakin zuma, na taɓa su bai ji ba. Babansa ya ce shi ja yake nema, haka ya karanta, bai kuma ga ja ba. A baƙar fata daskarewa ba ta cika nuna ja ba, toka take yi ko ta koɗe. Don haka kada a tsaya ga ido, a cire safar a taɓa, a tambayi yaro ko yana ji. A duba kunne da kan hanci da kumatu. In an ga alama, a shiga ɗaki, a tsoma wurin a ruwa mai ɗumi, digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannun babba za ta jure ba tare da ƙuna ba. Ba a murzawa, ba a goga ƙanƙara, ba a kai wa gaban wuta ko na'urar ɗumama ɗaki, domin fatar da ba ta ji za ta ƙone mai ita bai sani ba. Zai yi zafi sosai idan jini ya fara dawowa, yaro zai yi kuka, wannan alama ce mai kyau. In ƙuraje masu ruwa suka fito, ko ji bai dawo ba, sai asibiti. Yaron da ya daɗe yana rawar ɗari sannan ya daina, ya yi shiru, yana lumshe ido, shi ne abin tsoro, domin sanyi ya ratsa cikin jikinsa. Jariri kuma kada a goya shi a shiga zamiya da shi: ba ya motsi, sanyi na cinsa, in an faɗi shi ne a ƙasa.

Rana ita ce wadda ba a zato. Wa zai yi tunanin ƙunar rana a inda ruwa ke daskarewa? Amma hasken rana mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowane mita 1,000, sabuwar dusar ƙanƙara kuma tana iya mayar da har kashi 80 cikin ɗari na hasken zuwa fuska. Duhun fata na rage ƙunar, amma ido babu ruwansa da launin fata. Wanda ya wuni ba tabarau zai dawo masauki lafiya, sai cikin dare ya farka kamar an watsa masa yashi a ido, hawaye na zuba, ba ya iya kallon fitila. Yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu a ɗaki mai duhu, amma kwana biyu daga hutun mako guda ba ƙaramar asara ba ce. Tabarau mai tare wannan haske dole ne ga kowa, har ranar da hadari ya rufe sama. A shafa man kariya daga rana a fuska da leɓe.

Faɗuwa kam za a faɗi, babba da yaro, ba abin kunya ba ne. Abin da nake roƙo shi ne kada uba ya ce shi zai koya wa iyalinsa daga abin da ya kalla a waya. Kusan kowane wurin zamiya yana da makaranta, da yawa suna karɓar yara daga shekara uku ko huɗu. Malami zai fara koya musu tsayawa da yadda ake faɗuwa da tashi kafin komai. A shagon hayar kaya za a tambayi nauyi da tsayi da shekaru da gwanintar kowa. A faɗi gaskiya. Da wannan lissafi ake saita maƙalin da ke haɗa takalmi da allon zamiya, don ya saki ƙafa idan an faɗi. Wanda ya ce shi gwani ne alhali bai taɓa yi ba, za a ɗaure masa da ƙarfi, allon ya ƙi saki, gwiwa ta murɗe. Tsinkewar jijiyar gwiwa na cikin raunukan da aka fi gani a wannan wasa, jinyarta kuma watanni ce.

Hanyoyin gangarowa suna da launi. A Faransa kore ne na ɗan koyo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi na gwanaye. A Amurka da Kanada koren da'ira ne mafi sauƙi, baƙin lu'ulu'u guda biyu mafi wuya. Makon farko, kore ya ishi kowa. Ƙa'idar hanya kuma ita ce wanda ke gabanka shi ne mai haƙƙi, kai na baya kai za ka kauce masa. Ba a tsayawa a tsakiyar hanya ko a bayan tudu inda mai gangarowa ba zai hango mutum ba, kuma ba a tsallake igiyar da aka kewaye fili da ita.

Hular kwano ba ta yara kaɗai ba ce. A watan Maris na 2009 'yar fim Natasha Richardson ta faɗi a filin 'yan koyo na Mont Tremblant a Kanada, tana tare da malami, ba hula a kanta. Ta tashi tana magana, ta ce ba komai, ta ƙi a kai ta asibiti da farko. Ashe jini na taruwa a cikin ƙoƙon kanta, bayan kwana biyu ta rasu. Nakan ba iyaye wannan labari ne saboda abu biyu: filin koyo ne, ba ƙololuwa ba, kuma ta tashi garau. Duk wanda ya bugu a kai ya bar wasa a ranar, a sa masa ido. In ciwon kai na ƙaruwa, ko ya yi amai, ko barci na fizgarsa ba lokacinsa ba, ko ya manta abin da ya faru, a kai shi asibiti nan take, ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau.

Inshora ma a karanta takardarta da kyau, domin ta tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar wasannin ƙanƙara, kuma a wurare da dama sauko da mai rauni daga kan dutse, da gadon da ake ja a kan ƙanƙara ko da jirgi mai saukar ungulu, mai raunin ne ke biya. Italiya ma tun daga Janairun 2022 ta wajabta wa duk mai zamiya inshorar da za ta biya wanda ya buge.

Magidancin nan da na fara da shi, da muka duba sai ga shi masaukinsu ya haura mita 2,000, matarsa kuma AS ce. Muka zauna muka sake tsara makon: dare biyu a garin da ke gindin dutsen, ranar farko ba zamiya sai tattaki da wasa da ƙanƙara, darasi da safe, a tashi da zarar ƙafa ta fara nauyi ko da rana ba ta yi sanyi ba, saboda ƙafar da ta gaji ba ta bin umarni. Ruwa kuma a riƙa ba yara ko ba su nema ba, don sanyi na ɓoye ƙishirwa. Kafin su fita na ce wa uwar, "Hajiya, ki rubuta wa kowane yaro ƙaramar takarda ki sa a aljihun rigarsa mai zif: sunansa, lambar wayarku, sunan masauki, rukunin jininsa, da duk maganin da jikinsa ba ya karɓa. A ƙasa ki rubuta lambar gaggawa, 112 ce a Turai, 911 a Amurka da Kanada." Ta ciro biro daga jaka ta fara rubutawa a nan kan teburina.