Deksa da ɗinkin da ya ƙi kamawa

Wata amarya aka kawo mana asibiti nan Tahoua daga wajen Kaita cikin dare, apandisit ya kusa fashewa, babu lokacin jira. Kafin a shiga da ita ɗakin aiki na tambaye ta da bakina: "Ƙanwata, akwai maganin da kike sha?" Ta ce babu. Na juya wajen gwaggonta, ta ce ko na ciwon kai ba ta sha. Aiki ya yi kyau. Kwana 6 bayan nan na ɗaga bandeji, sai ga mugunya, ɗinki ya saki ta gefe guda. Ranar ne ƙanwarta ta zazzage jaka tana neman kati, fallayen deksa, wato ƙwayar deksametazon, suka zubo ƙasa. Tun kafin biki take sha, wai don ta ciko.

Haba jama'a! Me ya sa kuke ɓoye mana?

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai tsoho mai ciwon gwiwa da ke sayen deksametazon ko firednizolon wajen mai tebur, akwai mai asma da aka rubuta wa na kwana 5 ya mayar da shi abincin kullum, akwai mai shafa man bilicin safe da yamma, alhali da yawansu akwai irin wannan magani a ciki. Duk in an tambaya, amsa ɗaya ce: babu.

Maganin nan yana kwantar da garkuwar jiki, yana hana nama haɗewa da wuri, yana ɗaga sukari. Abin da ya fi ba ni tsoro, yana danne zazzaɓi, ciwo na ruɓewa a ciki mai shi na cewa da sauƙi. Kumatun da kike gani sun ciko kuwa ba lafiya ba ce, ruwa ne da kitse.

Na san kunya ce, wata kuma tsoron kada miji ya ji. Wallahi ba mu kai ƙarar kowa, ki ja ni gefe ki raɗa mini. Aikin gaggawa ba ya ba mu damar bincike mai tsawo, abin da kuka faɗa shi muke riƙewa. In lokotoro ya sani, akwai allurar da zai ƙara lokacin aiki don kada jini ya faɗi, zai sa ido kan sukari, ya bar zare ya ƙara kwanaki. In kun ce babu, a makance muke aiki.

Kuma kada wani ya karanta wannan ya watsar da maganin yau. Wanda ya wuce mako 3 yana sha, in ya tsaya kwatsam yana iya suma, har rai ya salwanta. A hankali ake rage shi, da hannun likita.

To ga shi a gurguje: ku zo da duk kwalin magani da man shafawa, ko babu komai ciki. Mai rakiya ya faɗi abin da ya sani, ko maras lafiya ya harare shi. Kada a sa toka, man shanu ko garin kafso a kan ɗinki. In wurin ya yi ja, ya kumbura, yana ruwa ko wari, ku dawo ranar, ko da ranar wankin ciwo ba ta zo ba.

Amaryar nan da ya kamata ta koma ɗakinta cikin mako guda, sai da ta kusa wata tana kwance, kullum ana wanke ciwo tana cizon gyale.