Aikin Sa Kai a Jiragen Ruwa Masu Tafiya da Iska

Aikin sa kai a jiragen ruwa masu tafiya da iska tsari ne da mutum ke shiga cikin ma'aikatan wani tsohon jirgi, ko wanda aka ƙera da siffar na da, ya yi aiki na ɗan lokaci ba tare da albashi ba. Lokacin kan kama daga kwana biyar zuwa wata biyu ko uku. An fi yin sa a Turai da Amurka ta Arewa tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da suke kira bazara, wanda ya yi daidai da tsakiyar damina a Jos da Abuja. Ɗan sa kai yana jan igiya, yana riƙe sitiyari, yana gadin dare, yana wanke-wanke. A madadin haka yana samun makwanci da abinci da horo. Sai dai kalmar "sa kai" tana ruɗar mutane, domin a jirage da dama mai sa kan ne ke biyan kuɗin kujerarsa, sannan ya yi aikin.

Asali

Har tsakiyar ƙarni na 19, iska ce ke kai hajar duniya daga wannan nahiya zuwa waccan. Ana kafa dogayen ginshiƙai a tsakiyar jirgi, a rataya musu manyan ƙyallaye masu kauri da ake kira filafilai, iska ta cika su ta tura jirgin. Injin tururi ne ya kashe wa wannan sana'a kasuwa, musamman bayan buɗe mashigin Suwez a 1869, wanda ya gajarta hanyar Asiya ga masu inji ya bar masu iska suna kewaya Afirka ta ƙasa. Ragowarsu sun ci gaba da ɗauko alkama daga Ostireliya zuwa Turai har 1949, shekarar da jirgin Pamir ya yi kewayen ƙarshe na kasuwanci ta ƙuryar Amurka ta Kudu.

Wani lauya a Landan mai suna Bernard Morgan ne ya kawo shawarar a tara jiragen iskan da suka rage su yi tsere, aka kuma yi shi a 1956 daga Torbay ta Ingila zuwa Lisbon ta Fotugal. An ɗauke shi a matsayin bikin ban kwana. Jama'a suka yi tururuwa, tseren ya ƙi mutuwa, kuma a yau ƙungiyar Sail Training International da ke Ingila ce ke shirya shi a ruwayen Turai. Ƙa'idarsa mafi muhimmanci ita ce aƙalla rabin mutanen kowane jirgi su kasance 'yan shekara 15 zuwa 25. Wannan ƙa'ida ce ta sa jirage ke neman sababbin hannu kowace bazara, har da waɗanda ba su taɓa ganin teku ba.

Dalili na biyu na buƙata ne tsagwaronta. Babban jirgin dakon kaya na zamani mutum ashirin da 'yan kai na iya tafiyar da shi. Jirgin iska kuwa kusan komai nasa da hannu ake ja, kuma gidauniyoyi da gidajen tarihin da ke riƙe da irin waɗannan jirage ba su da kuɗin biyan mutum sittin ko tamanin albashi.

Jiragen da aka sani

Statsraad Lehmkuhl na birnin Bergen a Nowe yana cikin manya. An ƙera shi a Jamus a 1914, yana da ginshiƙai uku da tsawon kusan mita 98, kuma ya kewaya duniya tsakanin 2021 da 2023. 'Yan uwansa a Nowe su ne Sørlandet na 1927 da Christian Radich na 1937. Europa, mai tutar Holan, an ƙera shi a Hamburg a 1911 don ya tsaya wuri ɗaya yana haska wa jirage hanya, daga baya aka mayar da shi jirgin iska, yanzu har yankin ƙanƙara na Antaktika yake zuwa. A Amurka akwai Elissa na 1877 a Galveston da Star of India na 1863 a San Diego, waɗanda 'yan sa kai na gari ke kula da su shekara da shekaru.

Wasu kuma kwaikwayo ne. Götheborg na Suwidin kwafin jirgin fatauci ne da ya nitse a bakin garinsu a 1745 yana dawowa daga ƙasar Sin. An fara sassaƙa sabon a 1995, aka sa shi a ruwa a 2003, ya je Sin ya dawo tsakanin 2005 da 2007. Igiyoyinsa na zaren tsiro ne irin na rama, an shafe su da baƙin ƙaron itace, shi ya sa wanda ya yi mako a cikinsa yake sauka da baƙin hannu da warin hayaƙi a tufafi. Hermione na Faransa kwafin jirgin yaƙin da ya kai hafsan sojan Faransa Lafayette Amurka a 1780 ne. An yi shekara 17 ana ƙera shi a Rochefort, daga 1997 zuwa 2014. Tun 2021 aka fitar da shi daga ruwa saboda ruɓewar katako, abin da ke nuna cewa rabin wannan aiki a tudu ake yin sa, da guduma da burushin fenti.

Yadda rayuwa take a ciki

Jirgi ba ya kwana, don haka ana raba mutane rukuni uku. Tsarin da aka fi bi shi ne awa huɗu a bakin aiki, awa takwas hutu, sau biyu a yini. Wanda ya faɗa rukunin ƙarfe 12 zuwa 4 zai tashi tsakar dare ya sauka gab da asuba, ya sake dawowa da tsakar rana. A jiragen da ke riƙe da al'ada ana buga ƙararrawa kowane rabin awa, bugu takwas na nufin a karɓi aiki.

A cikin awa huɗun nan ana karɓa-karɓa. Wani na sitiyari yana bin lambar da jami'i ya ba shi a kamfas. Wani na goshin jirgi yana duban fitilun wasu jirage ko wani abu da ke yawo a ruwa, ya sanar. Wani na zagayawa ƙasa yana duba ko akwai wuta ko yoyo. Sauran suna jiran umarni, kuma idan iska ta juya, kowa ya kama igiya. Babban jirgi na da igiyoyi sama da ɗari, kowace da sunanta da turken da ake ɗaure ta, kuma ana so mutum ya gane tasa a cikin duhu, da laluben hannu. Sabon shiga kan yi kwana uku yana jan abin da aka nuna masa ba tare da ya san me yake motsawa a sama ba. A nan ne ake gane mai haƙuri. Likita da ɗalibi da ɗan fansho duk ɗaya suke a gaban shugaban igiyoyi, wanda zai iya zama yarinya 'yar shekara 22.

Abin da ya fi jan hankalin mutane, ya kuma fi tsorata su, shi ne hawa sama. Don a kwance filafili ko a naɗe shi, sai an hau tsanin igiya mita 30 ko fiye, a fita kan sandar gicciye ana taka igiya ɗaya tal, ciki a jingine da sanda, hannu biyu na tattara tamfol mai nauyi, jirgi kuma na lilo. Ana sa ɗamara mai ƙugiya da ake maƙalawa. A yawancin jiragen horo ba a tilasta wa kowa hawa, kuma akwai isasshen aiki a ƙasa ga wanda ya ce shi dai a'a.

Makwanci ɗaki ɗaya ne na jama'a, ko gadaje hawa-hawa ko gadon lilo na tamfol da ake ratayawa da dare a naɗe da safe, kamar yadda ake yi a Statsraad Lehmkuhl. Ruwan wanka a ƙididdige yake. Waya tana ɗaukewa da zarar tudu ya ɓace. Jiri da amai na kama mutane da yawa a kwana biyun farko, har da tsofaffin ma'aikata, kuma maganinsa a wurinsu shi ne a fito iska, a dubi nesa, a ci wani abu busasshe, a ci gaba da aiki. Gudun jirgi da "not" ake auna shi, wato kilomita 1.852 a awa. Jirgin da ke yin not 8 yana gudun da mai keke zai iya kamo shi a titin Ahmadu Bello.

Haɗari

Ba wasa ba ne. Pamir ɗin nan ya kife cikin guguwa a tekun Atlantika a 1957, mutum 80 cikin 86 suka mutu, da yawansu matasa masu koyo. Concordia ya nitse kusa da Brazil a 2010 amma duk mutum 64 sun tsira a kwale-kwalen ceto. Bounty ya shiga guguwar Sandy a 2012 ya nitse, aka rasa mutum biyu, har da kyaftin. Saboda irin waɗannan ne ake fara kowace tafiya da atisayen wuta da na barin jirgi kafin a ɗaga anga.

Mai tasowa daga Abuja ko Jos

Rashin sanin teku ba shi ne shinge ba. Wanda iyakar ruwansa tafkin Jabi ko kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato zai iya samun gurbin ɗan koyo, domin ba a neman takardar ƙwarewa a wannan mataki. Mai neman zama cikakken ma'aikaci ne ake tambaya takardar horon ceto ta ƙasa da ƙasa da ake kira STCW da shaidar lafiya ta ma'aikatan ruwa. A Najeriya hukumar NIMASA ce ke kula da wannan fanni, kuma akwai makarantar koyon aikin ruwa a Oron ta jihar Akwa Ibom.

Shingen gaskiya biza ce da kuɗi. Nowe da Suwidin da Holan da Faransa duk suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ta kwana 90 cikin 180, wadda ke buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Birtaniya ba ta ciki. Jirgi kuwa ba ruwansa da wannan: yana iya tashi daga tashar Holan ya sauke mutane a Ingila, sai ɗan Najeriya ya buƙaci biza biyu don tafiya ɗaya, abokin aikinsa Bajamushe kuwa bai cika fom ɗin biza ko ɗaya ba. Don haka ake duba tashar hawa da ta sauka kafin a biya ko kwabo, a kuma karɓi wasiƙar gayyata daga masu jirgi. Ofisoshin jakadancin waɗannan ƙasashe suna Abuja, mutumin Jos sai ya yi tafiyar awa huɗu zuwa biyar a mota. Kuɗin jirgin sama da na gurbi da Yuro ake lissafa su. Akwai tallafi ga matasa, ciki har da wanda ƙasar Oman ta ɗauki nauyi ta hannun Sail Training International. Oman ɗin tana da nata jirgin horo, Shabab Oman II, mai shiga waɗannan tsere. Duk wanda ya zo da alkawarin "aikin jirgin ruwa a Turai" mai albashi da takardar zama, ba wannan tsari yake nufi ba, a yi hattara da shi.

Sai sanyi. Bazarar tekun Arewa suna ne kawai. Gadin ƙarfe uku na dare, da iska da feshin ruwan gishiri, ya fi ƙarfin rigar sanyin da mutumin Jos ke tinƙaho da ita a watan Janairu. Ana buƙatar tufafi hawa uku da rigar ruwa da takalmin roba. Ga Musulmi akwai ƙarin lissafi. A Bergen yinin watan Yuni ya kai kusan awa 19, rana na faɗuwa bayan ƙarfe 11 na dare, kuma shafaƙi ba ya gushewa sosai, saɓanin Abuja inda yini da dare kusan kunnen doki suke duk shekara. Alƙibla na sauyawa duk lokacin da jirgi ya juya, amma kamfas na nan a gaban mai sitiyari, kuma sallar matafiyi da sallah a jirgin ruwa babi ne sananne a littattafan fiƙihu, wanda ya kamata a tambayi malami tun a gida. Naman alade na yawan shiga girkin arewacin Turai. Fom ɗin rajista kan tambayi abin da mutum ba ya ci, kuma a nan ake rubutawa, domin kuku yana sayen cefanen tafiyar ne kafin jirgi ya bar tasha.