Hajiya Gambo Sawaba

Hajaratu Gambo, wadda duniya ta sani da Hajiya Gambo Sawaba (1933 zuwa 2001), 'yar siyasa ce, mai fafutukar ilimin mata, kuma mai riƙon marayu a Zariya. Mahaifinta, Isa Amartey, mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo Najeriya. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce. An kira ta Gambo ne don ta biyo tagwaye, kamar yadda al'adar Hausawa take.

Ta fara firamare a Tudun Wada, amma karatun bai yi nisa ba. Mahaifinta ya rasu a 1943, mahaifiyarta ta bi shi bayan 'yan shekaru, aka yi mata aure tana da shekara 13. Wannan tabon ne ta riƙe har ƙarshen rayuwarta: duk inda ta samu abin magana, sai ta taɓo auren wuri da hana 'ya'ya mata zuwa makaranta.

Tana da shekara 17 ta shiga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, mai fafutukar talakawan Arewa, ta zama shugabar matan reshen Sabon Garin Zariya. Laƙabin Sawaba daga taken jam'iyyar ya samo asali. A lokacin mace a Arewa ba ta da ƙuri'a, balle ta hau dandamali gaban maza. Ita kuwa ta hau. Haka kuma takan shiga gida gida wurin matan kulle, ta zauna da su a tsakar gida tana yi musu bayani, abin da ya fi ɓata wa hukumomin En'e, wato hukumomin gargajiya na sarakuna, rai. An ɗaure ta sau 16, ta sha duka a hannun 'yan doka da 'yan bangar siyasa. Sai a 1976 matan Arewa suka samu 'yancin zaɓe. A Jamhuriya ta Biyu ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim.

Ba attajira ba ce, shi ya sa alherinta ya fi ban mamaki. Gidanta na Sabon Gari ya zama matattarar marayu da marasa galihu. Ta ci da su, ta tufatar da su, ta sa su makaranta, ba ta tambayar ƙabila.

Ta rasu a watan Oktoba 2001. Babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta yake ɗauke da shi, haka ma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano.