Kwamfutata tana yawan mutuwa ita kaɗai: daga ina zan fara?

Duk wanda kwamfutarsa ta fara mutuwa tana tashi da kanta, maganar farko da zai ji a bakin mai gyara ita ce, "Sai an yi mata fomat," wato a goge komai a sake girka Windows. Wani lokaci hakan kan yi magani. Sau da yawa kuwa bayan kwana uku sai ta koma gidan jiya, ga hotuna da takardu sun tafi a banza. Dalili shi ne ba a tsaya an gano abin da ke kashe ta ba.

Me zan fara yi kafin in taɓa komai?

Kwashe muhimman fayilolinka ka zuba a filash ko wani faifan ajiya na waje, yau ɗin nan. Sannan ka ajiye takarda da biro kusa da ita. Duk sanda ta mutu, rubuta lokaci, da abin da kake yi, da ko wutar gari ce ko ta janareta, da kuma yadda ta mutu. Wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci, domin mutuwar iri uku ce: ta nuna shuɗin allo da rubutu, ko ta daskare linzami ya ƙi motsi, ko ta ɗauke ɗif kamar an zare mata waya. Kowanne da inda ya fi nunawa. In ka tara huɗu ko biyar a takardar, sau da yawa kai da kanka za ka ga cewa sai da rana tsaka take yi, ko sai ka buɗe bidiyo.

Wannan shuɗin allon me yake cewa ne?

Windows ce ta ga abin da ba za ta iya ci gaba da shi ba, sai ta tsayar da kanta don kada bayanai su lalace. A sabuwar Windows 11 allon ya koma baƙi, amma saƙon ɗaya ne. A ƙasan allon akwai suna da manyan baƙaƙe, ɗauki hotonsa da waya. MEMORY_MANAGEMENT ya fi karkata ga ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai. VIDEO_TDR_FAILURE ɓangaren hoto ne. WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuwa yawanci kayan cikin injin ne ke kuka, zafi ko wuta ko furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin. Wani lokaci har sunan fayil mai ƙarewa da .sys za ka gani, wannan kusan an miƙa maka mai laifi ne a hannu.

Kamfanin Microsoft da kansa ya ce kusan kashi 70 cikin ɗari na irin wannan tsayawar daga direbobin wasu kamfanoni take, wato ƙananan manhajojin da ke sada Windows da firinta, katin hoto, wayifai da sauransu. Ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawa guda ɗaya daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta jefa kwamfutoci kusan miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, har jiragen sama suka kasa tashi. Ba abin da ya ƙone a cikinsu. Saboda haka ka tambayi kanka: me na saka ko na sabunta dab da fara matsalar? Cire shi, ko ka mayar da tsohon direba ta Device Manager, wurin da Windows ke jera kayan injin da direbobinsu.

In allon yana wucewa da sauri, danna maɓallin Windows da R, rubuta perfmon /rel. Zai kawo maka jadawalin kwanaki, da jan tambari a duk ranar da ta faɗi, tare da abin da aka girka a ranar.

Tawa ba ta nuna komai, ɗaukewa kawai take yi.

To nan sai a bar zargin Windows, a duba zafi da wuta. Furosesa in ta doshi digiri 100 tana rage gudu, in abin ya ƙi sai ta kashe injin gaba ɗaya don kada ta ƙone. Saka manhaja irin HWMonitor ka duba zafin tana zaune, sannan ka duba tana aiki. In tana haura 90 alhali burauza kawai ka buɗe, akwai magana.

A wajenmu ƙurar hunturu ce babbar mai laifi, sai zafin bazara ya zo ya tona asiri. Ka buɗe laftof da ta yi shekara biyu ba a share ba: tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke bi, ƙura ta dunƙule ta yi kauri kamar audugar tsohuwar katifa, za ka iya ɗago ta da tsinke a haɗe. Fanka na ta ihu, amma ka sa hannu a bakin tagar iska ba abin da ke fitowa. A share, a goge busasshen man da ke kan furosesa a sa sabo. In za a hura ta da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Kuma don Allah a daina ɗora laftof a kan katifa ko filo, ramukan shan iskarta a ƙasa suke.

Ta fannin wuta, kwamfutar tebur ta fi shan wahala. In tana mutuwa daidai lokacin da firji ya tashi ko janareta ya canza murya, UPS take buƙata, wato na'urar batir da ke riƙe mata wuta, ko kuma akwatin wutarta ya gaji. A laftof, ari caja ta asali mai ƙarfi daidai da nata ka gwada. Wani abu kuma: in ka ga Kernel-Power 41 a Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru da ita, kada ka ɗauka ka kama ɓarawo. Abin da yake nufi kawai shi ne ba a kashe ta yadda ya kamata ba, wanda dama ka sani.

Yaya zan gane ko ram ne ko faifan ajiya?

Alamar ram ita ce rashin tsayawa a magana ɗaya: yau wannan suna a shuɗin allo, gobe wani. Rubuta mdsched a akwatin nan na Windows da R, ta sake tashi ta gwada kanta. MemTest86 ta fi zurfafawa, a kan filash ake sa ta a bar ta ta kwana tana aiki. Kuskure ko ɗaya ne ya isa. In ram biyu ne a ciki, kashe ta, zare waya, cire ɗaya ka yi aiki kwana biyu, sannan ka musanya. Wani lokaci ma zarewa da mayarwa da kyau ne kawai maganin.

Faifan ajiya kuwa ya fi sa daskarewa da nawa, fayiloli su riƙa ƙin buɗewa, tsohon faifai mai juyawa har ƙas-ƙas za ka ji. CrystalDiskInfo za ta nuna lafiyarsa. In ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, kada ka tsaya gyara, kwashe abin da ya rage ka canza shi.

Ba bairos ba ne kuwa?

Yana iya zama, amma an fi ɗora masa laifin da bai yi ba. Abin da na fi zargi shi ne manhajar kashe bairos biyu a inji ɗaya suna faɗa da juna, ko manhajar sata da aka girka a shago. Bar guda ɗaya.

To yaushe fomat ɗin ke da amfani?

Shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da direbobinta na dole kawai. In ta yini a can lafiya, galibi matsalar ta manhaja ce. Gwada sfc /scannow a Command Prompt, baƙin akwatin rubuta umarni na Windows, da ikon mai gudanarwa (Run as administrator), ya gyara fayilolin Windows da suka lalace. In ya ƙi, sannan a yi fomat. In kuwa ko a Safe Mode tana mutuwa, ko tana mutuwa tun kafin Windows ta tashi, da wuya fomat ya yi mata magani. A duk wannan, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a jira a gani. Ranar da za ka kai ta wurin mai gyara, tafi da takardar nan da hotunan allon, ka ce masa ya gwada maka ram da caja a gabanka kafin ya fara maganar canza bod, wato babban farantin da duk kayan injin ke haɗe a kansa.